Gilashin Shagon Takalma

Daga bakin kogi zuwa ƙofarmu a Alfama
matakala tamanin da shida ne.
Shekara talatin Amândio na hawansu
da buhun fulawa a kafaɗa, yana fito.

Bana sai ya kamu da son takalma.
A matakala ta arba'in, gaban shagon Belmiro,
yakan tsaya ya ƙura wa gilashi ido,
wai wani baƙi mai igiya yake dubawa.
Mutumin da bai sauya takalmi ba
tun bikin 'yarmu.

Ni a gilashin hannunsa nake gani,
ya dunƙule a tsakiyar ƙirji
kamar mai matse kwaɓin burodi,
ga gumi a goshi, alhali iskar teku na kaɗawa.
Minti uku, huɗu. Sai ya ce, "Tsada," mu wuce.

Ya ce kifin jiya ne, ƙwannafi.
Ya ce haƙori ne, muƙamuƙi na tsami.
Kafaɗar hagu kuma, ai tsufa ba ya sallama.
Na ce, wane haƙori ne ke jiran hawan tudu,
ya lafa in an tsaya?

Likita ta zana mana zuciya a bayan takarda:
hanyoyin jini sun ƙuntata
kamar lungunmu in motar shara ta shigo.
A zaune, abin da ke wucewa ya isa.
In ya hau tudu, ko ya cika ciki, ko sanyi, ko fushi,
zuciya ta roƙi ƙari, ba ta samu.
"In ya huta, ya sa magani ƙarƙashin harshe,
abin bai sake shi ba, ko ya zo masa yana kwance,
kada ku jira gari ya waye.
Ku kira motar asibiti."

Yanzu yaro ke ɗauko fulawa.
Gishiri ya ragu a tukunya, yana mita.
Ƙwallo a rediyo, nakan rage murya in an kusa tashi.
Kwalbar magani na aljihun da taba ke zama a da,
wata kuma a jakata, bai sani ba.

Har yau muna tsayawa a ta arba'in,
ba ɓoye-ɓoye, ya jingina, in ƙirga numfashinsa.
Jiya Belmiro ya fito riƙe da baƙin takalmin,
ya ce, "Wata shida kana zawarcinsa."
Amândio ya yi dariya, a hankali,
ya tambayi lamba.