Takarda Ba Suna

Buhu arba'in na dankalin Bokkos
sun ruɓe mana a sito, bayan Farin Gada.
Ran Litinin warin ya riga mu shiga ofis,
ya zauna a kujerar manaja.

Mun san irin taronmu:
Sagiru ya kama magana tun daga gindi,
ya hau har reshe, ya ƙi saukowa,
mu kuwa sai gyaɗa kai, ƙadangarun bango.
Ni mai riƙe da littafin kuɗi,
shawarata kan taso har maƙogwaro,
ta tarar da cunkoso, ta koma.

Ran nan Madam Kachollom ba ta buɗe taro ba.
Takarda ta yayyaga, ta bi mu da ita,
har Davou direba da ke jingine a ƙofa,
har Lantana da tsintsiyarta.
"Minti goma. Kowa ya nemi lungunsa.
Ba suna, ba sa hannu.
Ko shirme ne, a rubuta."

Na raɓe bayan janareta,
sanyi na cizon yatsuna.
Minti uku, biro bai ce uffan ba.
Can sai kaina ya fara zuba
kamar famfon da aka manta a buɗe.
Na rubuta huɗu, na soke ɗaya don kunya,
na sake rubuta ta a ƙasa.

Kwanon sha aka girke a tsakiyar tebur,
kowa ya jefa tasa a naɗe.
Doka ɗaya ce:
kada a ji "ba zai yiwu ba"
sai kwano ya ga gindinsa.

A sayi firji.
A karya farashi ran Juma'a.
A soya, a ƙulla a leda, a kai tashar Bauci.
A ba Sagiru hutu.
Har shi ya yi dariya, ta ciki na ciki.

Sai ga wata da ajami.
Madam ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa,
ta miƙo mini.
Na karanta a hankali:
"Gumi yake yi. Buhun leda ba ya numfashi.
Kullum in na share, siminti a jiƙe."

Ba wanda ya kalli Lantana,
kowa kuma ita yake kallo.

Davou ya ce, to a ɗauko da asuba, kafin rana.
Wani ya ce algarara.
Sagiru, abin mamaki, kalma biyu: "Katako ƙarƙashi."
Na ce a fasa taga ta gabas,
na ji muryata ta fito ba ta yi tuntuɓe ba.
Kafin azahar maganar ta tashi daga ta mutum ɗaya,
kamar tuwon da hannu shida suka tuƙa.

Nawa huɗun ba wadda aka ɗauka.
Na tsince su daga kwano, na sa a aljihu.
Ta ƙarshen, wadda na soke,
har yanzu ina ganin tana da rai.