Aska Takwas

Kafin ladan ya yi kira a Kwarbai
gwiwata ta riga ta tashe ni.
Hadari na can bayan Kufena,
ni tun jiya na ji shi a ƙashi.

Lantana ta kawo ruwan ɗumi a kwano,
na tsoma yatsu goma, na yi shiru.
Sai sun yi laushi nake lanƙwasa su
ɗaya bayan ɗaya, yadda likitar Shika ta nuna.

Shekara arba'in allura na jin maganata,
aska takwas a wata guda nake gamawa.
Yau zare ya ga kafar allura
ya kauce.

Jikana Barau ke zura mini shi.
Ƙwaya biyu bayan koko, ba kafinsa ba.
Salla a kan kujera: da farko na ji kunya,
yanzu sahu ya saba, ana bar mini gefe.

Amosani, baƙon da bai yi sallama ba,
mun raba yini: asuba taka ce,
hantsi nawa.
Rigar Alhaji Tanimu kuwa zan gama ta kafin babbar Salla,
in ba ta bana ba,
ta baɗi.