Daidai Karan Hanci

A garejin Eulogio, bayan gidan mai na Esquel,
gilasai uku ya jingine mini a bango:
dogo, gajere, da wani mai ɗan leɓe a sama
wanda ake ɗagawa da yatsa.
Na ce ban zo saye ba.
Na kan babur ɗin nake so ya duba,
wanda yayana Anselmo ya ɗaura da hannunsa
shekara guda kafin zuciyarsa ta tsaya.

Ya ce, "Nélida, hau mu gani."
Na hau. Da ƙyar ƙafata ta taɓa siminti.
Gilashin ya ɗara kaina da taƙi guda,
duk duniya ta cikinsa nake hango ta,
ta cikin gawar ƙwarin bara, da zanen tsakuwa,
da tabon wata takarda da rana ta cinye.

Ya zuƙi mate, ya miƙo mini ƙoƙon.
"Yayanki dogo ne. Wannan ƙyaure nasa ne.
Kudu da nan iska ba ta gaba take zuwa ba,
daga yamma take gangarowa, daga duwatsun ƙanƙara,
ta doki mutum a haƙarƙari.
Mai kayan kara take wahalarwa,
ke kuwa faifai kika kafa a goshin babur.
In ruwa ya sauko, ta ina za ki ga rami?"

To gajeren fa?
"Gajere ba ya ɓoye miki komai.
Iska za ta hau ƙirjinki tun safe
ta zauna kamar ɗan maraƙi.
Kafin rana ta karkata wuyanki ya zama itace,
yatsunki su manta inda birki yake."
Mai leɓen kuma?
Ya ɗage kafaɗa. "Ƙarin noti huɗu ne
da gargada za ta kwance."

Sai ya ce in zauna
irin zaman da mutum ke yi bayan awa shida,
ba zaman ɗaukar hoto ba.
Na saki baya, na sauke kafaɗu.
"Kalli karen can da ke kwance bakin ƙofa."
Ya ja layi da baƙin alƙalami
daidai karan hancina.
"Ido a sama, hanci a layi.
Abin da ya haura nan ba naki ba ne."

Da ya ɗauko zarto na fita waje.
Na ƙirga bishiyoyin titi, duk sun rusuna gabas.
Na ji kukan roba har ya ƙare.

Guntun da ya faɗo kamar jinjirin wata.
Ya goge masa baki da fayil, ya ba ni,
bai ce komai ba.
Ya yanka tsohuwar jarkar mai gida biyu
ya yi wa hannuwana rumfa.
Kuɗin aiki ya karɓa, na jarka ya ce kyauta.

Yau kwana uku ke nan a Hanya ta Arba'in.
A karkace nake tafiya, kamar mai jingina da bangon da babu.
Gwanako suna tsallake waya, ba sa ko waiwaye.
Iskar gaba takan hau gilashi ta wuce,
ta shafi saman hular kwanona kaɗan
yadda Anselmo kan yi in zai fita.
Ta gefe kuwa, ba wanda ya taɓa sayar da maganinta,
gwiwa nake matse tanki da ita, in sassauta hannu.

A Bajo Caracoles na tsaya shan mai.
Wuyana na ciwo, amma yana juyawa.
Na zaro guntun daga cikin riga, da ɗumin jikina,
na ɗaga shi sama da kaina, taƙi guda,
inda idonsa yake kaiwa.
Hanya ce dai, da tsakuwa, da gajimare.
Yaron famfo ya ce, "Señora, a cika?"
Na ce a cika.