Kangon da Ke Cikina

Mako uku ina haɗiyar ƙwaya a asibitin Seoul,
biyu da safe, biyu da dare,
har ciwon huhun ya naɗe tabarmarsa.
Ashe ba shi kaɗai ya tafi ba.

Dakta Yeom ta ɗago kai daga takarda:
"Maganin nan ba ya tambayar suna.
Ya shiga gari neman ɓarawo,
ya haɗa da mai gadi, da mai shara, da mai gyaran katanga.
Hanjinka yanzu kango ne, Gyuwon."

Na ce, da su wa ke zaune a ciki?

Ta ce, jama'a.
Sun fi mutanen duniya yawa, nesa ba kusa ba,
ido bai taɓa ganin ko ɗaya ba sai da madubi.
Abin da ya gagari cikinka, dusa da jijiyar ganye,
shi ne tuwonsu,
kuɗin hayarsu kuwa yaɓen bangon hanjinka.
Su ke zaunar da sojojin jininka tun suna ƙanana
su nuna musu: wannan baƙo ne, ba shi hanya,
wancan maƙiyi ne, tare shi.
Sojan da bai sami malami ba
ko ya yi barci a bakin ƙofa,
ko ya harbi ɗan gida.

Na hau motar Sunchang da wando yana zame mini.

Na tarar da Kaka Okbun a tsakar gida,
kabeji ɗari da ashirin kwance cikin gishiri,
hannunta ja wur har gwiwa,
barkono, tafarnuwa, citta, 'yan jatan lande.
Ba ta tambaye ni me likita ta ce ba.
Ta dubi wuyana kawai, ta yi tsaki.

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙin tasi,
ina cin taliyar leda a tsaye,
ina kora ta da lemon gwangwani.
Wa na ciyar a duk shekarun nan?
Harshena kaɗai.

Ta buɗe randar bara. Tsami ya mare ni.
"Randa numfashi take," in ji ta,
"kada ka toshe mata hanci."
Ba ta san kalmar bakteriya ba,
amma shekara sittin tana kiwonsu
kamar yadda wasu ke kiwon kaji,
ta san ranar da sanyi ya kwantar da su,
ta san ranar da suka yi fushi suka yi kumfa.

Shinkafa da sha'ir. Miyar daddawar waken soya.
Ganyen teku. Kimchi cokali biyu, ban ƙara ba,
don Dakta ta ja mini kunne kan gishiri,
Kaka kuma ta ji haushin wannan har kwana uku.

Ba zan ce na warke a mako guda ba.
Mura ma ta kama ni da dusar ƙanƙara ta fara sauka.
Sai dai a daren nan, kwance kan daɓe mai ɗumi,
na ji cikina yana ƙugi ƙasa-ƙasa,
irin motsin nan na maƙwabta
in suna jan kaya, suna komawa gidan da suka bari.

Na yi lamo, kada in firgita su.
Kaka tana tari a ɗaki na gaba.
A waje randuna goma sha huɗu suna aikinsu cikin duhu.