Gurbin Istifanus

A Zuru, bayan shagon tela, kan hanyar Dabai,
akwai ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai.
Nan muka kai waƙoƙinmu goma sha ɗaya,
da kuɗin dawa buhu huɗu da na akuya ɗaya.

Baba Kefas ya rungumo jitarsa mai tsirkiya biyar.
Ta shida ta tsinke shekarar da aka haife ni,
ya ce Ubangiji bai taɓa tambayarsa ina take ba.
Mama Liyatu ta ɗauko tulunta na zumuntar mata
naɗe cikin zani, kamar jariri mai mura.
Afiniki da caki.
Ni Rifkatu da murya ta biyu,
wadda ba a sanin tana nan sai ta yi shiru.

Sa'adu mai na'ura ya rataya mana abin kunne.
"Ban da tari, ban da jan takalmi,
ƙarfen nan har haɗiyar yawu yana ji."
Baba ya ce, "Ashe ya fi dattawan majami'a kunne."

Ta farko sau tara muka yi ta.
Janareto ya shaƙe sau uku,
tela ya taka kekensa daidai kan Amin,
Mama ta tsaya gyara wa Baba wani baiti
da take gyara masa shekara talatin da biyu.
Da la'asar Sa'adu ya ɗauki buta,
muka koma gindin dalbejiya muna ɓarar gyaɗa
har ya sallame, ya dawo da damshi a gemu.

A waƙa ta bakwai akwai rami.
Bugu takwas babu kowa,
sai tulun Mama yana numfashi.
Wurin Istifanus ne, mai muryar ƙasa,
wanda in ya buɗe baki ran Lahadi
har bencin baya sai ya ji a ƙafa.
Shekara uku ke nan da ya sa kaki.
Ba ya faɗin inda yake. "Daji," in ji shi, sai dariya.

Sa'adu ya ce, "Akwai yaro a Rikoto, murya kamar rijiya,
dubu biyu zai cike muku."
Mama ba ta tanka ba,
ta dai kifa tafinta a bakin tulu.

Kwana goma sha tara ramin yana nan,
muna kewaye shi kamar kabari sabo
ba mai yarda ya kira shi da sunan.

Ran wata Laraba, ƙarfe biyu na dare,
wayar Afiniki ta haska ƙarƙashin matashi.
Saƙon murya, daƙiƙa ashirin da shida.
Bai rera ba, raɗa ya yi,
don akwai masu barci a gefensa.
Gyare na kuka a ciki, wani na minshari,
shi kuma ya makara da rabin bugu
kamar yadda yake makara tun yana ɗan shekara tara.

Sa'adu ya saurara sau biyu, ya sosa ƙeya.
"Zan iya wanke gyaren."
Baba ya ce, "Bar shi, shi ma yabo yake yi."
"Minsharin fa?"
Mama ce ta amsa, idonta a ƙasa:
"Ɗan wata ne. Uwarsa za ta so ta ji yana barci."

Yanzu masu cajin waya a kasuwa
suna tura wa mutane mu a naira ɗari biyu.
An ce in an zo ta bakwai
mutane kan bubbuga rediyo, a zatonsu batir ya mutu.

A gida kuwa Mama ba ta san sauran goman ba.
Takan ajiye tsintsiya, ta kara kunne,
ta ƙirga takwas da yatsa a kan gwiwa,
sannan ta ce da ni, "Mayar baya."