Faɗin Makara

Ni mai faci ne a bakin layinmu na Herwagana,
shekara goma sha tara ina zaune kan tsohuwar taya.
Na san kukan motar kowa tun kafin ta kunno kai,
na san wadda aka biya, na san wadda bashi ke bi a baya.

Da can, akori-kura na shiga layin nan ta juya.
Sai Allah ya buɗa wa mutane, madalla,
amma gidajen na nan yadda iyaye suka gina su,
ba wanda ya yi wa mota ɗaki.
Kowa ya dawo da dare ya jingine tasa a ƙofa,
wannan dama, wancan hagu,
har hanya ta rame, ta koma siririya.

Mai ruwa ya daina shigo mana da kurarsa.
Adda Fanta ta kwashe kaskon ƙosai ta koma bakin titi.
Safe ham, yamma ham, gaisuwa ta zama harara.
Muna ta cewa gobe za a gyara, goben ta zama jiya.

Ran da Bappa Manu ya cika, Talata ce, da hantsi.
Muka fito da shi, kafaɗa da kafaɗa,
sai ga jar motar Hammadu da farar motar wani baƙo
sun haɗa goshi, ko akuya sai ta karkace.
Baƙon ya tafi Kumo da makulli a aljihu.
Mamaci na jira, rana na hawa.
Muka ɗaga shi sama, hannuwa a miƙe,
muka miƙa shi ta kan rufin motoci
kamar buhun masara ana lodi a tasha.
Mutumin da bai taɓa mallakar ko keke ba,
ta bisa motocin mutane ya bar duniya.
Har maƙabarta ba wanda ya kalli wani.
Makarar ba ta yi mana nauyi ba kamar kunya.

Da aka share makoki, Jauro Sambo bai ja zance ba.
Ya aika masallaci aka ɗauko makarar, ba kowa ciki,
mutum huɗu suka saɓa, ya auna faɗinsu da igiya,
ya ƙara kamu guda saboda masu rakiya.
Ya ce, "Wannan ba filin kowa ba ne,
don kowa zai bi ta nan, rana ɗaya."

Samari suka haɗa kuɗin fenti, aka ja farin layi.
Hagu a ajiye, dama a bari.
Kangon su Dija, ita tana can Legas,
aka roƙe ta a waya, ta ce a zuba motoci,
a dai biya mai gadi, kada a taɓa mata bishiyar tsamiya.

Ban ce an gama ba.
Alhaji Bappayo har yau sai ya ɗora ƙafa guda kan layin,
wai yana tsoron madubinsa.
Ranar suna ko biki baƙi ba su san doka ba.
Damina na wanke fenti, mu sake shafawa.
Ni ma da aka ja igiyar ta kan tulin tayoyina ta bi,
na ja su baya ina gunaguni,
ashe ina cikin masu cin hanya.

Jiya mai ruwa ya shigo, jarka goma sha biyu,
bai gogi motar kowa ba.
Adda Fanta ta ce sai ta ga wata uku tukuna.
Igiyar na rataye a rumfata, kusa da injin iska.
Baƙo in ya tambaya me ake aunawa da ita,
sai in ce, matsa motarka hagu, malam,
ka sauka lafiya.