Na Bara

Ƙarfe uku da rabi, rana ta tattara nata ta bar Tallinn.
Merike ba ta kunna fitila ba, hasken allo ya ishe ta.
Can ƙasa a tasha jirgin ruwa na huci,
ƙanƙara ta kama bakin igiya.

Aikinta yau ta gano mai laifi.
Kamfani ya ɗauki wakili na na'ura, ba fuska, ba barci,
aka jera masa kayan aiki arba'in da ɗaya,
kowanne da ɗan bayani rataye a wuya kamar laya.
Ba ya leƙa cikinsu. Abin da aka rubuta, shi ne idonsa.
In ka rubuta wa rijiya "dakali", zai je ya zauna.

Ta ba shi gwaji:
wata mata za ta tsibirin Hiiumaa ran Juma'a,
ta fasa tafiya da motarta, amma ita tana nan kan bakanta.
Wakili ya bi jerin a natse, ya tsaya kan wanda aka rubuta wa
"Yana cire abu daga tafiya."
Ya cire matar.
Mota ta haye teku ita kaɗai.

Merike ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
Ta sa sifili a gidan maki.
Ta dube shi. Ta goge.
Sifilin na wa ne?

Raivo ya rubuta layin, bara waccan, yana sauri zai kama bas.
Ya san abin da yake nufi,
duk wanda ke ofishin a lokacin ya sani.
Yanzu Raivo na kiwon zuma a kudu, ba ya ɗaga waya.
Sanin ya bi shi,
aka bar kalma biyar suna gadin ƙofa.

Sai ɗakin ƙasa na kakarta Vaike ya faɗo mata,
kwalabe jere kan katako, ja, baƙi, da mai ruwan zuma,
tsohuwa ta manna wa kowace takarda da rubutun fensir:
"na bara", "mai tsami", "na Endel, kar a taɓa".
Bayan jana'iza suka sauka da tocila, ita da mahaifiyarta.
Wace bara?
Endel kuwa ya riga ta da shekara tara.
Suka buɗe uku, suka sansana,
sauran suka zubar a bayan gida,
ba don sun tabbatar sun lalace ba.

Ta gyara zama, ta rubuta:
"Yana cire mota, ko keke, ko kare. Ba ya cire mutum.
In mutum ne ya fasa, nemi na sha bakwai.
Abin da ya cire ba ya dawowa, ka tambaya tukuna."

Gwaji ɗari biyu ta saki a jere.
A ɗari da tamanin da takwas matar ta hau jirgi.
A sha ɗaya wakili ya toge, tambaya kan tambaya,
kamar sabon yaron shago da aka tsorata da asara.
A guda ɗaya ya shiga neman karen da ba wanda ya ce akwai.

Ta ƙara jimla biyu don ta toshe ɓarakar.
Maki ya sauka.
Gishiri ya yi yawa ke nan.
Ta tsame ɗaya, ya ɗan hau. Ta mayar da ita, ta tsame ɗayar,
ya hau fiye, ba ta san dalili ba,
haka ta rubuta a rahoto: ban san dalili ba.

Saura kayan aiki arba'in.
Mai shara ya turo ƙofa, ya gan ta, ya ja ta a hankali.

Kafin ta kashe allo ta koma kan bayanin,
a ƙasansa, inda masu gyara ke barin saƙo,
ta sa rana, ta sa wata, ta sa shekara cikakkiya,
ta sa sunanta,
ta ɗan yi jim,
ta ƙara lambar wayarta.